Mun Sayi Kurmin Tudun Kirya, Ashe Ban da Itatuwan Cikinsa

Zuwa ga Mai Girma Bulaman Tudun Kirya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta addini da ta girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta jama'ar da Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ina yi maka barka da ganin ƙarshen damina. Allah ya sa a girbe lafiya, a ci lafiya.

Ni ne Buba mai facin taya a bakin tasha a Azare, jikan marigayiya Inna Dije ta rugar da ke bayan garinku. Ka san ni sarai. Kai Babarbare ne, ni Bafillace, kuma wasan da ke tsakaninmu gadonsa muka yi, ba mu muka fara ba. Kai kake ce mini ɗan sanda a wuya, ni nake ce maka sarkin burabusko. Ni ne na canza maka ƙarar waya zuwa kukan ɗan maraƙi, ta yi ta kuka a aljihunka kana tsakiyar raba rigimar iyakar gona, har ka tashi mutum ya duba bayan zaure. Ban taɓa musun wannan ba, kuma in aka sake miƙo mini wayar zan sake.

Amma wannan takarda babu wasa a cikinta, kuma dalilin da ya sa na rubuta ta ke nan maimakon in zo in durƙusa a zaurenka. Tun farkon damina nake zuwa zauren nan. Duk zuwan da na yi, kafin in gama buɗe baki ka riga ka mayar da maganar raha, fadawa sun yi dariya, an ba ni ruwa, an sallame ni. To takarda ba a iya katse ta da dariya. Na liƙa ta a tasha, na tura ta a waya, kuma na san kafin ta iso hannunka 'yan garinku da ke kasuwar Azare sun riga sun karanta.

Saboda waɗanda ba su san wurin ba, bari in faɗi abin da ake magana a kai. A gabas da Tudun Kirya, in ka bar hanyar Bulkachuwa ka gangara ta fadama, akwai wani tsohon kurmi. Ba a taɓa noma cikinsa ba. Akwai kirya da marke da maje da kanya da ɗinya, akwai tsamiya da ɗorawa, akwai maɗatai waɗanda mutum biyu ba sa haɗa hannu a kansu. In ka shiga da tsakar rana sai ka ji kamar an kashe maka wuta a baya. A tsakiyarsa akwai ɗan tafki da yake riƙe ruwa har cikin rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Ina yaro, in an tashe mu daga makarantar allo don hutun salla, wurin Inna Dije ake kai ni, kuma a kurmin nan nake wuni. A nan na fara ganin burtu da idona, a nan biri ya taɓa ƙwace mini goriba, a nan zuma ta koya mini cewa ba kowa ake tsokana ba. A lokacin irin wannan kurmi ba shi kaɗai ba ne a yankin. Sauran duk sun bi ta gabana a tasha, a cikin buhunan gawayi, a saman motocin da nake yi wa faci. Wannan ne ya saura.

Ga abubuwan da nake tuhumarka da su, ranka ya daɗe, kuma duk wanda ka ga na yi ƙarya a ciki ka tara jama'a ka ƙaryata ni.

Na farko: ranar ciniki.

Da muka ji Modu ɗan garinku zai sayar da kurmin da ya gada zai koma Jama'are da zama, mu 'yan majalisar bakin tasha muka ce ba za mu zuba ido masu gawayi su riga mu ba. Ba masu kuɗi ba ne mu. Akwai mai shayi, akwai 'yan acaɓa, akwai mai wankin mota, akwai ni, sai Oga Emeka mai kayan babur, wanda ya daɗe a Azare har 'ya'yansa sun fi ni iya zagi da Hausa. Adashi muka yi. Da bai kai ba muka fita tashe da azumi, gardawa da mu, da gemu. Ni na sha ganye tun daga kai har ƙafa na zama bishiya, abokina yana bi na da gatarin kwali, ina gudu ina ihu shago shago, mutane suna dariya suna jefo abin da ya sawwaƙa. Da wannan ma bai kai ba na sayar da babur ɗina. Yanzu duk zuwan da nake garinku a kan keken aro nake zuwa, kuma kai da kanka ka sha yi mini dariya a kan keken.

A zaurenka aka yi ciniki. Kai ka zauna shaida, a gabanka aka miƙa wa Modu kuɗinsa, a hannunka aka sa goron shaida. Kai ka ja mu muka zaga iyaka, daga gindin kuka zuwa bakin burtali, kana nuna mana da sandarka. Kuma ina so ka tuna abu guda. Muna tsaye ƙarƙashin babban maɗacin nan na bakin tafki, Oga Emeka ya tsayar da kai ya tambaye ka ko duk abin da ke cikin wurin ya zama namu. Ka yi dariya, ka ce mutumin kasuwa da tambaya, ya kwantar da hankalinsa tunda Bulama ne shaida. Mu ma muka taya ka dariya, muka yi ta yi wa Emeka tsiya har muka iso Azare, wai wa zai sayi kurmi a ce ban da itatuwa. Yau in na wuce gaban shagonsa ba ya tuna mini da tambayar nan. Kallona kawai yake yi, kuma gara ya yi magana.

Na biyu: shingen.

Mun saya ne don mu bar wurin ya huta ya farfaɗo, ba don mu noma ko mu yanka filaye ba. Gefen kurmin masu itacen girki sun riga sun cinye shi, sai kututture. Muka bi kututturen nan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi toho muka rage masa, muka bar masa reshe mai ƙarfi ya miƙe. Muka tsinci 'ya'yan da tsofaffin itatuwa suka zubar, muka shuka a ledar ruwan fiyawata da muke tsintowa a tasha, muka jera a inuwa muna ba su ruwan tafki. Muka je ruga muka zauna da dangin kakata, aka yarda shanu za su bi burtali su sha ruwa ta bakin yamma, ba za su shiga cikin dashen ba. Sannan muka kewaye wurin da shingen ƙaya saboda awaki.

Shingen nan bai tashi a rana ɗaya ba. Duk ranar da babu aiki sosai a tasha muna can, ƙaya tana yagar mana hannu da wando. Kai kuma kana zuwa. Kana zuwa ka shimfiɗa buzunka a gindin kanya, ka ce ka zo kallon Fillanin gari suna koyon aikin ƙarfi. Ka sha shayinmu. Ka nuna mana inda muka bar kafa, ka ce mu toshe. Ranka ya daɗe, a lokacin da kake nuna mana kafar da za mu toshe, ka san wa ke bi ta wannan kafar, ka san abin da take shiga ɗauka, ka san nata ne. Ba ka ce mana komai ba.

Damina biyu muka yi a haka. Tohon ya wuce tsayina. Zabin daji suka dawo suna kwana a ciki. Har mun fara alfahari, muna kai mutane kallo.

Na uku: ranar da na ji inji.

Da bazarar da ta wuce, ana jiran ruwan farko, na taho da safe a kan keke da jarka biyu zan shayar da dashe. Tun daga fadama na ji ƙara, na ɗauka injin ban ruwa ne. Da na matso na ga an yaye shingen ta gabas, babbar mota ta shiga har ciki, ta bi ta kan ledojin da muka jera. Babban maɗacin bakin tafki yana kwance. Wanda muka tsaya a ƙarƙashinsa ranar ciniki. Faɗuwarsa ta karya kanya guda, ta danne tohon da muka yi damina biyu muna reno. Masu inji suna kansa suna tsaga shi katako, garin itacen ja wur a ƙasa, wasu kuma suna tara rassan gefe don gawayi.

 Na yi ihu na ce wurin nan namu ne, mun saya. Babban cikinsu ya kashe injin, bai ko yi fushi ba. Ya ce shi bai zo ɗaukar ƙasa ba, ƙasarmu tana nan ko cokali ba zai ɗiba ba. Itatuwa maigidansa ya saya, dillalin katako, daga hannun mai su, kuma Bulama ne shaida.

Kafin ruwan farko ya sauka ya rufe hanyar fadama, sun kwashe duk manyan da ke gefen gabas. Sauran, tun daga tafki har yamma, sun bi su da jan fenti. Duk tsohon itacen da ke kurmin nan yau yana tsaye da jan tabo a jikinsa, kuma ba abin da ya hana a sare shi sai taɓon fadama da mota ba ta iya ratsawa. Ba kai ka tsare su ba, ba ni ba. Laka ce. Yanzu kuma ruwa ya fara ɗaukewa, gero ya nuna, da na biyo hanyar a makon nan ƙafar kekena ba ta nutse ba.

Na huɗu: abin da ka faɗa mini.

Ranar nan ban koma Azare ba, zaurenka na wuce, ƙafata duk garin katako. A nan ne, bayan damina biyu, ka ga damar koya mini al'adar garinku. Ka ce a Tudun Kirya tun kakanni, in an zo rabon gado, maza ƙasa suke ɗauka, mata kuma a ba su itatuwa a matsayin rabonsu, tunda aure zai iya kai mace wani gari, ba za ta zo noma ba, amma za ta iya zuwa ta kaɗe ɗorawarta ta tsinci tsamiyarta. Ka ce don haka gona tana iya zama ta wane, itacen da ke tsakiyarta na wance. Ka ce wanda ya sayi ƙasa kuma yana son itatuwan, sai ya ɗauki goro ya je wurin mai su ya yi ciniki dabam, a zaga da shaidu a dafa kowane itace. Ka ce itatuwan kurmin nan na Ya Falmata ne, gwaggon Modu, ita ta gaje su a wurin mahaifinta, Modu bai taɓa mallakar ko reshe ba. Ka ce kowane yaro a garin ya san haka.

Ba ni da faɗa da al'adar nan, ranka ya daɗe. Da na zauna na yi tunani ma sai na ga al'ada ce mai kyau, don ita ta sa kurmin ya kai yau a tsaye, tunda mace ba ta sare abin da take ci. Faɗana da kai ne. Kowane yaro a garinku ya sani, to mu yaran garinku ne? Mu 'yan tasha ne. A Azare in ka sayi fili da dalbejiya a ciki, dalbejiyar taka ce, ba wanda zai zo ya ce ta gwaggonsa ce. Don me ake zaunar da shaida a ciniki in ba don ya faɗa wa baƙo abin da ɗan gari ya sani ba? Da kunnenka ka ji mun ce don itatuwan muke sayen wurin. Ba mu ce za mu shuka gyaɗa ba. An tambaye ka a fili, ka amsa da dariya. Sannan da dillalin katako ya zo, kai ka kai shi ƙofar Ya Falmata, kai ka sake zama shaida, ka sake karɓar goro. Wuri ɗaya, shaida biyu, kuma ka san na biyun zai kashe na farkon.

Da na faɗa maka haka a zaure, me ka ce? Ka ce Bafillace da daji sai Allah, in aka bar ni zan aura wa kirya 'yata. Fadawa suka kwashe da dariya. Ni ma na san daɗin irin wannan magana, sana'ata ce. Amma na san lokacin da ake yin ta don nishaɗi, na san lokacin da ake yin ta don a rufe wa mutum baki. Wasan da kakanninmu suka bar mana an yi shi ne don in iya faɗa maka gaskiya ba tare da ka yi fushi ba, kai ma haka. Kai kuma ka ɗauke shi kana kare kanka da shi.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai: Ya Falmata.

Na daɗe ban je wurinta ba, don a raina na ɗauka wata tsohuwa ce mai son kuɗi. Oga Emeka ne ya ce in daina zagin wadda ban taɓa gani ba, ya sayi goro da gishiri da kuɗinsa ya ce in kai. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi kafin ta amsa gaisuwa. Da ta ɗago kai sai ta ce au, kai ne ɗan Fillanin da ya ɗaure mini itatuwa da ƙaya?

Ranka ya daɗe, ashe matar nan tun tana budurwa take shiga kurmin nan. Da kalwar ɗorawarsa take daddawar da take sayarwa ranar kasuwa. Tsamiyar kununta daga can take. Ɗinya da kanya jikokinta ke tsinta. Rana ɗaya ta je da ƙwaryarta ta tarar da ƙaya a hanyar da ta bi shekara da shekaru. Ta zaga ta wata kafa, bayan kwana kaɗan ta tarar an toshe. Ta aiko maka ta tambaya, ka aika mata cewa wasu yaran birni ne suka saya, ta yi haƙuri. Shekara biyu ɗorawarta tana zuba tana ruɓewa a ƙasa tana hangenta ta saman shinge, mu kuwa muna ciki muna murna wai ƙasa tana samun taki. Ta ce ba wanda ya zo mata da goro, ba wanda ya ce mata sannu. Da ka zo mata da dillali, sai ta ce tunda an hana ta cin 'ya'yan, gara ta ci kuɗin iyayen.

Na tambaye ta ko da mun zo tun farko za ta sayar wa mai inji. Ta kalle ni kamar na zage ta. Ta ce maɗacin bakin tafki, a gindinsa mahaifinta yake ajiye ta in ya shiga ɗiban zuma. Ta ce ranar da aka kayar da shi har cikin ɗakinta ta ji ƙasa ta girgiza, ba ta ci tuwo ba.

Ka ga abin da shirunka ya yi? Ita tana son itatuwan a tsaye, mu muna son su a tsaye, tsakaninmu tafiyar da ba ta kai a gaji ba, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san mu duka biyu ya san abin da kowa ke so. Kalma ɗaya za ka faɗa a gindin kanyar nan kana shan shayinmu. Ka ce yara, ku bar wa tsohuwa ƙofa, ku je ku gaishe ta. Shi ke nan. Da maɗacin nan yana tsaye.

Yanzu ga inda magana take. Ya Falmata ta ce na gabas ta sallama, an biya, an kwashe, wannan ya wuce. Amma sauran da aka shafa wa fenti, kafin alƙalami kawai aka ba ta, ba ta ce ta sallama ba, kuma abin da aka ba ta yana ƙulle a bakin zaninta ba ta taɓa ba. Ta ce a shirye take ta mayar. Sai dai ta ce ita mace ce, tsohuwa, ba za ta tsaya gaban dillali ta warware maganar da Bulama ya ƙulla ba. Wanda ya kawo shi, shi zai sallame shi. Na je na tambayi malaminmu na zaure, ya ce muddin mai abu ba ta sallama ba ciniki bai faɗa ba, kuma mu da ƙasarmu ke ƙarƙashin itatuwan mun fi cancanta a fara yi mana tayi kafin bare. Ni ba malami ba ne, iyakata abin da na ji. In kana da malamin da ya ce ba haka ba, a haɗa su.

Don haka ga abin da nake roƙo, ni da 'yan majalisarmu.

Ka kira dillalin nan kafin fadama ta gama bushewa, ba bayan girbi ba, ba bayan salla ba. Ka zaunar da shi da Ya Falmata da mu, a mayar masa da kafin alƙalaminsa a gabanka, ka faɗa masa da bakinka cewa sauran itatuwan ba na sayarwa ba ne. Har da goron shaidar da ya ba ka, ranka ya daɗe. In ka riga ka ci, ni zan saya maka wani ka mayar.

Sannan ka zauna shaida karo na uku, wannan karon a kan abin da muka daidaita da Ya Falmata. Itatuwanta nata ne, ba mu nemi ta sayar mana ba. Ta ci 'ya'yansu iya ranta, 'ya'yanta mata su gada kamar yadda garinku ya saba. Abu ɗaya muka saya a wurinta, shi ne alƙawarin ba za a sa musu ƙarfe ba, ba ita ba, ba magadanta ba. Mu kuma mun ɗauki gadi da reno, kuma duk abin da muka dasa ya girma, matan gidanta su tsinci 'ya'yansa tare da na tsofaffin. Muna so a yi wannan yadda kuke yi, a zaga da shaidu a dafa kowane itace, don kada gobe wani ya ce bai sani ba.

Sannan ka tara masu unguwanninka ka ce musu daga yau duk baƙon da ya zo sayen ƙasa a Tudun Kirya, a faɗa masa na wa ne itatuwan kafin ya sa hannu a aljihu. Ba mu kaɗai ba ne wawayen da za su zo.

Katakon da aka kwashe ba mu nemi a biya mu ba, don ba namu ba ne. Ledojin dashen da mota ta taka ma mun yafe, za mu tsinci wasu, ledar fiyawata ba ta ƙarewa a tasha. Abin da ba za mu iya tsintowa ba shi ne tsofaffin nan. Su ke zubar da irin da muke shukawa, inuwarsu ke hana tafkin ƙafewa. In suka tafi, abin da muka saya da adashi da tashe da babur ya zama fako mai shinge, kuma ko jikana ba zai ga maɗaci irin wanda aka kayar ba.

Ba mu jira ka ba a kan abin da yake hannunmu. Washegarin ranar da na dawo daga gidan Ya Falmata muka je muka buɗe shingen ta ɓangaren gari. Ita ta ba mu awo, ta ce a yi ƙofar yadda mace za ta wuce da ƙwarya a kai da jika a baya ba tare da ƙaya ta kama mata zani ba. Jiya ta shiga. Ina can ina gyaran inda motar ta yaye, na gan ta ta wuce tsamiyarta ba ta tsaya ba, ta tafi kai tsaye bakin tafki. Ta daɗe tsaye a kan kututturen. Ban matsa kusa ba. Da za ta fita ta bi ta gefena, ta ɗebi laka a bakin ruwa ta shafe jan fentin da ke jikin wata ɗorawa, ta ce mini in gaya wa Bulama ita ta share nata, saura shi.

To na gaya maka, ranka ya daɗe. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za mu kasance a ƙofar nan, mu da ita da goronmu. Ba sai an yi maka shimfiɗa ba, kututturen maɗacin ya isa mutum ya zauna har da fadawansa. In ka zo, ka zo da dillalin. In ba ka zo ba, duk wanda ya ga mota ta ratsa fadama bayan nan ya san da izinin wa ta shiga.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya sa ka gama da mulkin nan lafiya, ya sa shaidar da za a yi maka ranar da ba ka nan ta fi wadda ka yi mana. Allah ya ba ka ikon gyara abin da ya saura tun ana iya gyarawa.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Buba mai faci,
a madadin 'yan majalisar bakin tasha, Azare.